Kyamara ko Jami'i: Wane Layi Matafiyi Zai Bi a Filin Jirgi?

A manyan filayen jiragen sama da dama yanzu, kafin mutum ya kai ga kujerarsa sai ya tarar da layi biyu. A ɗaya zai miƙa wa ma'aikaci fasfo da katin shiga jirgi, a dube shi a dubi hoto, a ce masa a sauka lafiya. A ɗayan babu mai ce masa uffan. Zai tsaya a kan sawun ƙafa da aka zana a ƙasa, ya kalli kyamara, fitila ta kawo kore, ƙofar gilashi ta buɗe. Layi na biyu ya fi gudu, ma'aikata kuma tun daga nesa shi suke nunawa da hannu, shi ya sa mutane da yawa ke binsa ba su ma san zaɓi suka yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara a auna hanyoyin biyu tun ana zaune a gida, da a tsaya tunani a tsakiyar layi, jaka a kafaɗa, mutum hamsin a baya suna jira.

Abu na farko da za a cire daga lissafi shi ne zaton cewa wanda ya ƙi tsayawa gaban kyamara ya ɓoye wa hukuma fuskarsa. Duk mai riƙe da fasfo na zamani, irin mai 'yar alamar nan a ƙasan bangonsa, ya riga ya ba da ita. Malesiya ce ta fara fitar da irinsa a 1998, daga baya hukumar ICAO mai tsara ƙa'idojin sufurin sama na duniya, wadda mazauninta ke Montreal, ta fitar da tsarin da ƙasashe ke bi. A jikin fasfon akwai ɗan guntun na'ura mai kama da na katin banki, a ciki aka adana sunanka da ranar haihuwarka da hotonka, tare da sa hannun lantarki na ƙasar da ta bayar don kada a yi jabu. A ƙa'idar ICAO hoton fuska ne dole, zanen yatsa da na ƙwayar ido kuwa an bar wa kowace ƙasa ta zaɓa. Wanda ya taɓa neman biza ya ƙara ba da wani hoton, sau da yawa har da yatsu goma. Don haka abin da ake yanke shawara a kai a filin jirgi shi ne: wa za a ƙara a kan waɗanda suka riga suka mallaki fuskar, a ina zai ajiye ta, kuma har yaushe.

Kyamarorin kama ɗaya suke a ido, amma aikin da ke bayansu iri biyu ne, kuma daga nan duk wani bambanci ya taso. A iri na farko, ka ɗora fasfo a kan gilashi, na'ura ta karanto hoton da ke ciki, ta ɗauki sabon hotonka, ta mayar da kowanne jerin lambobi, ta gwada su. Tambayarta ɗaya ce: wannan da ke tsaye shi ne mai fasfon? Abin da jami'i ke yi da idonsa ke nan, kuma ana iya kammala shi ba tare da an ajiye komai ba. Iri na biyu ba ya neman ka fito da komai daga aljihu. Kyamara ta ɗauke ka, ta tura hoton zuwa wani rumbu da aka tara fuskokin mutane, a lalubo wane ne kai a cikinsu. Shi ne wanda ake tallatawa da cewa fuskarka ta ishe ka tafiya, kuma ba ya yiwuwa sai in wani ya riga ya ajiye fuskar a wurinsa kafin ka iso. Rarrabe su ba wuya. In ƙofa ta buɗe maka alhali ba ka nuna mata fasfo ko waya ko kati ba, to akwai rumbu a wani wuri.

Akwai kuma inda zaɓin ma babu shi, kuma bai kamata mutum ya ɓata ransa ko ya ja da jami'i a can ba. Kan iyaka hurumin gwamnati ne. Daga 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen Turai 29 suka fara aiki da sabon tsarin rajistar shiga da fita mai suna EES, wanda ya zo ya maye gurbin buga hatimi a fasfo. Baƙon da ya je gajeriyar ziyara za a ɗauki hoton fuskarsa da zanen yatsunsa huɗu, a ajiye na shekara uku, ko biyar in ya wuce wa'adinsa. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ɗaukar yatsunsu. Wanda ya ƙi, ba zai shiga ba. A Amurka, hukumar kan iyaka ta CBP ta ce tana goge hoton ɗan ƙasa cikin awa 12, kuma ɗan ƙasa na iya cewa a duba shi da hannu. Baƙo kuwa hotonsa na iya zama a rumbun ma'aikatar tsaron cikin gida har shekara 75, kuma dokar da ta fara aiki a Disamba 2025 ta ba da ikon ɗaukar hoton duk wanda ba ɗan ƙasa ba a shiga da fita, ta cire sassaucin da ake yi wa ƙananan yara da tsofaffi. Wani abu da ke ruɗa mutane a can: kyamarar da ke bakin ƙofar jirgi mai fita ƙasar waje ta kamfanin jirgin ce ko ta filin, amma gwajin a rumbun CBP ake yin sa, da hotunan fasinjojin jirgin da aka haɗa tun daga jerin sunayensu.

Zaɓi na gaskiya yana wuraren da aka kafa kyamara don sauƙaƙa zirga-zirga: wajen ajiye kaya, ƙofar shiga ɗakin hutu, bakin jirgi a ƙasashe da yawa, shingen binciken TSA, hukumar tsaron sufuri, a filayen Amurka, da tsare-tsaren da mutum ke yin rajista da kansa a waya, irin Digi Yatra da Indiya ta ƙaddamar ranar 1 ga Disamba 2022 a filayen Delhi da Bengaluru da Varanasi. A waɗannan ne ya dace a ɗora mizani.

Ta fuskar sauri, na'ura ta yi gaba, ba gardama. Hukumar shige da fice ta Singafo ta ce a filin Changi, inda aka kammala tsarin wucewa ba fasfo a 2024 ta hanyar duba fuska da ƙwayar ido, lokacin tantance mutum ɗaya ya sauko daga kimanin daƙiƙa 25 zuwa 10. Kamfanin jiragen sama na Delta na Amurka, da ya buɗe sashe mai aiki da fuska a filin Atlanta a 2018, ya ce yana rage minti tara wajen cika babban jirgi. Sai dai a lura da wanda ke cin wannan riba. Daƙiƙa goma sha biyar sau dubban fasinjoji babban abu ne ga filin jirgi, minti tara kuɗi ne ga kamfani. Shi kuwa fasinja, ko ya riga kowa zama a kujera, jirgi ba zai tashi ba sai na ƙarshe ya shiga. Inda saurin ke amfanar mutum da gaske shi ne layin shige da fice bayan manyan jirage sun sauka a tare, ko in zai canja jirgi kuma lokacinsa ƙuri. Mai tafiya da ƙananan yara sau da yawa wurin jami'i zai ƙare duk da haka, domin ƙofofin suna da iyakar shekaru. Na'ura kuma takan tsaya cak. A daren 7 ga Mayu 2024 ƙofofin lantarki na filayen Birtaniya suka daina aiki baki ɗaya, jama'a suka shafe sa'o'i a layi, waɗanda suka fitar da su kuwa jami'ai ne masu duba fasfo da hannu.

Batun kuskure ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan masu sukar na'ura sukan tsallake wani abu da bai kamata a tsallake ba. Idon ɗan Adam ba abin dogaro ba ne wajen gwada baƙuwar fuska da hoto. A wani bincike da aka wallafa a 2014, an gwada jami'an ofishin fasfo na Ostareliya, aka riƙa kawo musu mutane riƙe da hoton wani, suka amince da kashi 14 cikin 100 na waɗannan na bogi. Daɗewa a aiki ma bai sa wasu sun fi wasu ba. An kuma daɗe da sanin cewa mutum ya fi rikicewa a kan fuskokin al'ummar da bai saba gani ba. A Agusta 2018, kwana uku da fara amfani da na'urar a filin Dulles kusa da Washington, ta tare wani da ya sauka daga Brazil da fasfon Faransa wanda ba nasa ba, aka samu katin shaidarsa na gaskiya a cikin takalmi. Wanda ke tsoron a yi tafiya da fasfonsa da aka sace yana da dalilin son na'ura.

Amma ita ma ba ta raba kuskurenta daidai tsakanin mutane. A Disamba 2019 cibiyar NIST ta gwamnatin Amurka, mai gwada ingancin fasahohi, ta fitar da sakamakon gwajin manhajoji 189 daga masu ƙira 99. Ta gano cewa a yawancinsu, kuskuren ɗaukar mutum biyu daban a matsayin mutum ɗaya ya fi yawa a kan fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas da na Gabashin Asiya, ya fi ƙaranci a kan na Gabashin Turai, kuma ratar kan kai ninki goma zuwa ɗari. Mata sun fi maza fuskantar sa, haka tsofaffi da yara. Abin da ya fi jan hankalina a rahoton shi ne cewa wasu manhajojin da aka ƙera a Sin ba su nuna wannan rauni a kan fuskokin Gabashin Asiya ba. Ashe matsalar daga irin hotunan da aka koyar da na'ura da su take, babu laifin fuskar kowa. Rahoton ya kuma nuna cewa manhajojin da suka fi inganci ratarsu ƙarama ce ƙwarai, kuma daga wancan lokaci zuwa yau fasahar ta ƙara gaba. Sai dai fasinja da ke tsaye a bakin ƙofa ba a rubuta masa wace manhaja ke bayan gilashin ba. Haske ma na da tasiri: kyamarar da ba a saita ta da kyau ba takan ɗauki baƙar fata a duhu, hoton ya rasa bayanan da ake buƙata, ƙofa ta ƙi buɗewa.

Kuskuren iri biyu ne, nauyinsu kuma ba ɗaya ba. In na'ura ta kasa gane ka da fasfonka, za a ce ka koma wurin jami'i, ka yi asarar 'yan mintuna. Abin ba daɗi, musamman ga wanda hakan ke faruwa da shi a kowace tafiya yana kallon wasu na wucewa, amma a nan yake ƙarewa. In kuwa na'urar mai lalube a rumbu ce ta haɗa ka da wani da ake nema, magana ta canja. A Janairu 2020 'yan sandan birnin Detroit na Amurka sun kama wani magidanci baƙar fata a ƙofar gidansa, suka tsare shi kusan awa 30, saboda manhaja ta ce ya yi kama da ɓarawon da kyamarar wani kanti ta ɗauka. Ba a filin jirgi abin ya faru ba, amma irin laluben ne. Gwargwadon girman rumbu, gwargwadon yiwuwar a sami mai kama da kai a ciki. Rumbun fasinjoji ɗari uku na jirgi ɗaya daban, na miliyoyin mutane daban.

Yanzu sai babban ma'aunin, wanda a ganina ya rinjayi sauran duka. Jami'in da ya dube ka zai manta da kai kafin ya tashi aiki. Tafiyarka dai tana rubuce, domin an karanta fasfo an karanta kati, amma babu sabon kwafin fuskarka da ya shiga hannun wani. Na'ura ba ta mantuwa sai an umarce ta, kuma kai ba ka da hanyar leƙawa ka ga ko an bi umarnin. Lambar sirri in ta fita a canja ta, katin banki a toshe shi, fasfo ma a sake wani. Fuska da yatsa ba a sake su. A 2015 masu kutse sun kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka, kuma da waɗannan yatsun mutanen za su ƙare rayuwarsu. A 2019 aka sace hotunan matafiya kimanin 184,000 daga kwamfutocin wani ɗan kwangila da ke wa CBP aikin gwaji a wata mashigar kan iyaka ta ƙasa. Binciken babban mai sa ido na ma'aikatar tsaron cikin gida ya nuna cewa ɗan kwangilar ya kwafe su zuwa na'urorinsa ba da izini ba, kuma aƙalla 19 daga ciki sun bayyana a ɓoyayyun shafukan intanet. Ka ga akwai ƙa'ida a rubuce, amma hoton ya bi ta hannun da ƙa'idar ba ta iya riƙewa ba. Kamfanonin jirage su ma ba su tsira ba: a 2018 Cathay Pacific ya sanar da fitar bayanan fasinjoji miliyan 9.4.

Sata ba ita kaɗai ce abin damuwa ba. Rumbun da aka gina don saurin shiga jirgi yana nan bayan an canja gwamnati, an canja doka, ko an sayar da kamfani. Alƙawarin da aka yi wa fasinja a bana, wata hukuma na iya sake fassara shi baɗi. Magana zarar bunu ce, haka ma hoton da aka miƙa.

Wannan ne ya sa ra'ayin da majalisar hukumomin kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fitar a Mayu 2024, bisa buƙatar hukumar Faransa, ya zama ma'auni mai amfani ko ga wanda bai taɓa taka Turai ba. Ta duba hanyoyi huɗu na ajiye bayanan fuska a filin jirgi, ta ce biyu ne kawai za su iya dacewa da dokar kare bayanai: a bar bayanan a hannun fasinja, misali a wayarsa, ko a ajiye su a rumbun filin amma a kulle, mabuɗin kuma a hannun fasinja shi kaɗai. Sauran biyun, inda filin jirgi ko kamfani ke riƙe da rumbu da mabuɗi, ta ce ba su dace ba. Ba a tsaya a takarda ba. A 2025 hukumar Italiya ta dakatar da tsarin shiga jirgi da fuska na filin Linate a Milan, ta Sifaniya kuma ta ci kamfanin Aena mai kula da filayen ƙasar tarar kimanin Yuro miliyan 10. Digi Yatra na Indiya an tsara shi ne kusa da hanya ta farko: bayanan na zaune a wayar mutum, ana tura su ga filin da zai tashi, masu tsarin kuma sun ce ana gogewa cikin awa 24 bayan tashin jirgi. Duk da haka, a ƙarshen 2023 da farkon 2024 fasinjoji da dama sun koka cewa ma'aikata a bakin ƙofa sun ɗauki hotonsu sun sa su cikin tsarin ba tare da an yi musu bayani ba. Wannan ya fi komai ɓata mini rai a harkar. In an ce abu na ganin dama ne, amma allon sanarwar ƙarami ne a lungu, ma'aikaci na cewa a matso a kalli nan, layi kuma na turo mutum daga baya, ba a nemi yardar kowa ba.

To wanne za a bi? Ni dai ga inda na tsaya. Ƙofar da za ka ɗora fasfo da hannunka ta gwada ka da hoton ciki, a kan iyakar da ko ta wane layi ka bi za a ɗauki bayananka, bi ta kawai. Ƙin ta ba zai rage komai daga abin da gwamnatin ke ajiyewa ba, tsayuwa kawai zai ƙara maka. Na'urar TSA ma gwajin fuska da katin shaida take yi, hukumar kuma ta ce ba ta ajiye hoton bayan an gama in ban da lokutan gwaji na musamman, kuma wanda ya ƙi ba zai rasa matsayinsa a layi ba. Can abin ya rage ga yadda mutum ya yarda da alƙawarin hukuma. Ni nakan fi son a duba ni da hannu, domin abin da zan yi asara bai wuce daƙiƙoƙi ba.

Inda nake ba da shawarar a ja baya sosai shi ne rajistar kamfanin jirgi ko ta filin jirgi ko ta wani kamfani mai zaman kansa, wadda za ta riƙe fuskar mutum don tafiye-tafiyen gaba. Kafin a danna amincewa a nemi amsar abu uku a takardar sharuɗɗansu: a ina bayanan ke zama, bayan awa ko kwana nawa ake gogewa, kuma wa ake ba su. In amsar ita ce a wayarka, ko an faɗi adadin awanni ƙarara tare da hanyar janyewa, mai yawan tafiya da ke ratsa fili ɗaya kowane mako na iya ganin cinikin ya yi masa. In aka ce za a riƙe gwargwadon buƙata, ko za a raba da abokan hulɗa ba a ambaci sunansu ba, a bar shi. Wanda ke hawa jirgi sau ɗaya ko biyu a shekara ba shi da wata riba da ta kai ya bar fuskarsa a rumbun kamfani. Ɗan jarida, mai fafutuka, wanda ya gudo daga wata gwamnati, ko mai ɓuya daga wanda ke cutar da shi, su kam duk inda aka ba da zaɓi layin jami'i ya fi musu. Yara kuma kada a yi musu rajistar da ba dole ba, tunda su za su rayu da ita shekaru masu yawa bayan wanda ya danna musu.

Mai rufe fuska saboda addini sai ta buɗe a kowane layi ta bi. Bambancin shi ne a gaban kyamara a bainar jama'a za ta buɗe, a layin hannu kuwa filaye da yawa sukan ba da damar a nemi jami'a mace ta duba a keɓe. Lulluɓin da ya bar fuska a buɗe daga goshi zuwa haɓa ba ya hana na'ura aiki.

Wanda ya yanke shawarar ƙi, ya riƙe fasfo da katin shiga jirgi a hannu tun kafin layi ya iso kansa, ya ƙara 'yan mintuna a lissafin lokacinsa, ya kuma faɗa wa ma'aikaci cikin ladabi cewa yana son a duba takardunsa da hannu. Ya faɗa tun yana gefe, kafin ya taka sawun nan da aka zana a ƙasa, domin yawancin kyamarorin da zarar fuska ta shigo gabansu suke ɗauka, ba sa jiran a danna komai.